An yi wa gidan abincina ƙage a intanet: wace hanya doka ta buɗe mini?

Tambayar ta fito daga wata baiwar Allah mai gidan abinci a wajajen titin Gidan Zoo a Kano. Ta ce wani ya rubuta a Facebook cewa tana dafa ruɓaɓɓen nama, har ɗansa ya kwana a asibiti bayan ya ci abincinta. A makon kuma sai ga mutane da ba ta sani ba suna ba ta tauraro ɗaya a Google Maps da irin wannan magana. Mai rubutun ba da sunansa na gaskiya ya buɗe shafin ba, amma tana zargin wani yaro da ta sallama daga aiki. Odar biki biyu sun kuɓuce mata. Yayanta ya ce a kai wa 'yan sanda su kama yaron da dokar laifukan intanet. Tana so ta san abin da ya dace.

Hajiya, Allah Ya mayar da alheri. Kafin mu je ga kotu ko ofishin 'yan sanda, akwai abin da za ki yi yau, domin gobe yana iya ɓacewa. Ki adana rubutun. Ki ɗauki hoton allon wayar yadda sunan shafin, ranar da aka wallafa, da duk sharhin da aka yi a ƙasa za su fito. Ki kwafi adireshin rubutun da na shafin mutumin ki ajiye. Idan da hali, ki ɗauki bidiyon allon tun daga buɗe manhajar har zuwa kan rubutun. Kada ki yanke hoton, kada ki zana masa jan layi, kuma kada ki sayar da wayar ko ki yi kyauta da ita. Dalili shi ne sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011: duk abin da ya fito daga kwamfuta ko waya, kotu ba ta karɓarsa hakanan, sai an yi bayanin na'urar da ta fitar da shi da yadda take aiki, galibi ta takardar tabbaci da mai kula da na'urar zai sa wa hannu. Kotun Ƙoli ta ƙarfafa wannan sharaɗi a shari'ar Kubor da Dickson, kuma lauyan wanda ake ƙara nan yake fara kai hari. Masu gaskiya da yawa sun sha ƙasa a wannan mataki, don hoton da suka kawo ɗan'uwa ne ya turo musu ta WhatsApp, babu wanda zai ce ga wayar da aka ɗauke shi da ita.

Sai ki natsu ki sake karanta rubutun kamar ba da ke ake ba, ki raba maganganun gida biyu. "Abincinsu ba daɗi", "sun cika tsada", "ma'aikatansu ba fara'a", "ba zan sake komawa ba", duk wannan ra'ayi ne. Yana da zafi, amma sashe na 39 na kundin tsarin mulki na 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, kuma wanda ya buɗe kasuwa ya yarda ke nan a yaba ko a kushe. Tauraro ɗaya da ba a rubuta komai a ƙarƙashinsa ba ma da wuya a gina ƙara a kansa. Amma "tana dafa ruɓaɓɓen nama" da "ɗana ya kwana a asibiti saboda abincinta" zance ne na abin da ya faru ko bai faru ba. Ana iya tabbatar da shi, ana iya ƙaryata shi. A nan doka take da abin cewa, kuma waɗannan jimloli biyu su ne shari'arki. Sauran ki haɗiye su.

A ƙarar neman haƙƙi ta ɓata suna, wadda ake shigarwa a Babbar Kotun Jiha, abin da ake nema daga gare ki bai da yawa a takarda: ki nuna an faɗi maganar, da ke ko kasuwarki ake, wani mutum na uku ya gani, kuma magana ce da ke zubar da ƙimar mutum a idon masu hankali. Da yake rubutu ne mai zama, ba sai kin kawo lissafin asara ba kafin kotu ta saurare ki. Doka na ɗauka cewa an yi ɓarna. Ba ke ce za ki fara tabbatar da cewa ƙarya ce ba, shi ne idan ya ce gaskiya ya faɗa zai kawo hujja: katin asibiti, likitan da ya duba yaron, da abin da ya haɗa ciwon da abincinki. Wannan babban rangwame ne ga mai ƙara.

Amma akwai ramuka biyu da kotunanmu ba sa ɗaga ƙafa a kansu. Na farko, mutum na ukun nan sai ya zo da kansa ya tsaya a gaban alƙali ya ce ya karanta, kuma ga yadda abin ya sauya masa tunani a kanki. Cewa "duk gari ya gani" ba shaida ba ce. Saboda haka mutanen nan biyu da suka janye odar biki sun fi miki duk wani hoto daraja. Ki tuntuɓe su cikin mutunci tun yanzu, ki adana saƙon da suka turo na sokewa, musamman idan sun ambaci abin da suka karanta. Mun san halin mutanenmu, ba kowa ke son a gan shi a kotu ba, kuma wanda ya ce miki "ba komai Hajiya, zan zo" yau, bayan shekara yana iya daina ɗaga waya. Na biyu, dole a rubuta kalmomin da aka yi amfani da su daidai yadda suke a takardar ƙara. Idan da Hausa aka yi rubutun, a kawo shi da Hausarsa, sannan a kawo fassararsa da Turanci, wanda shi ne harshen manyan kotuna, kuma a tanadi mai fassarar da zai iya kare aikinsa. Hausar intanet cike take da habaici da zambo, kuma idan maganar a lulluɓe take, sai an bayyana wa kotu abin da Bakano zai fahimta da ita.

Akwai ƙara ta biyu da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da wannan, ita ce ta ƙaryar da aka yi da gangan a kan haja ko sana'a don a jawo asara. Ta dace da inda aka soki kayan ba a taɓa mutuncin mai su ba. Ta fi wuya, domin a nan ke za ki tabbatar da cewa ƙarya ce, da mugun nufi aka yi ta, kuma ga takamaiman kuɗin da kika rasa. A naki lamarin, cewa mai abinci tana dafa ruɓaɓɓen nama suka ce ga amanarta ita kanta, don haka ta farkon ta wadatar, ta biyun a haɗa ta a matsayin ƙari.

Wa zai shigar da ƙarar? Ki duba takardarki ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Idan kamfani ne cikakke, shi mutum ne a idon doka, yana ƙara da sunansa, sai dai diyyarsa ta taɓa sunan kasuwanci ce, kamfani ba shi da zuciyar da za a ce ta ɓaci. Idan sunan kasuwanci kawai kika yi wa rajista, kamar yawancin gidajen abinci da shagunan Kwari da Singa, ke ce mai ƙara, a ƙara da cewa kina kasuwanci da suna kaza. Kuskure a nan kaɗai ya isa a kori ƙara ba tare da an shiga cikinta ba.

Yanzu ga maganar yayanki. Na fahimci zafin zuciyarsa, amma dokar da yake nufi ba yadda ya san ta take ba. Dokar Laifukan Intanet ta 2015, a tsohon sashenta na 24, ta hukunta saƙon ƙarya da aka aika don a ɓata wa wani rai, a ci masa mutunci ko a tayar masa da hankali, kuma da wannan faffaɗan lafazi aka riƙa kama 'yan jarida da masu sharhi. Kotun ECOWAS ta yanke cewa sashen ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, kuma a watan Fabrairun 2024 aka sa hannu a kan gyara. Abin da ya rage a wannan ɓangare shi ne saƙon batsa, da saƙon da mutum ya san ƙarya ne ya aika don ya haddasa rushewar doka da oda ko barazana ga rai. Hukuncin ya kai ɗaurin shekara 3 ko tarar naira miliyan 7 ko duka biyu, kuma Babbar Kotun Tarayya ke sauraro. Ƙage a kan nama, duk muninsa, da ƙyar zai shiga wannan ma'auni. Har yanzu ana kama mutane da sunan sashen, wannan gaskiya ne, amma kamu daban, samun hukunci daban.

Dokar laifi da ta fi kusa da matsalarki tsohuwa ce, tana cikin kundin Final Kod da Arewa ke aiki da shi tun 1960. Sashe na 391 ya bayyana ɓata suna, na 392 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 2 ko tara ko duka biyu. Ana iya kai koke kai tsaye gaban majistare ta hannun lauya, shi kuma ya saurara ko ya tura wa 'yan sanda su bincika. Idan kuma akwai saƙon "ki ba ni kaza in goge", to lamarin ya tashi daga ɓata suna ya koma karɓar kuɗi ta hanyar tsoratarwa, wanda laifi ne mai zaman kansa a kundin, kuma a nan ba na jinkirin cewa a je ga hukuma. Kada ki biya, kada ki goge saƙon.

In ba haka ba, ra'ayina shi ne kada hanyar kamu ta zama ta farko. A shari'ar laifi sai an tabbatar da zargi ba tare da wani kokwanto ba, ke kuwa a yanzu zato kike yi. Idan aka tsare yaron nan kwana uku a kan zatonki, daga baya ta bayyana ba shi ba ne, ko aka kasa tabbatarwa, yana da damar ya maka ki a kotu kan tauye masa haƙƙi, tare da 'yan sandan, kuma kotuna na ba da diyya a irin wannan. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ma ta hana kama mutum a kan abin da rigimar haƙƙi ce zalla. Sannan akwai kotun jama'a. A watan Satumban 2023 wata mata a Legas ta rubuta a Facebook cewa wani tumatirin gwangwani ya yi mata zaƙi da yawa. Aka kama ta, aka kai ta Abuja, aka gurfanar da ita. Ko wane ne mai gaskiya a shari'ar, abin da ya faru a kasuwa kowa ya gani: mutanen da ba su taɓa jin rubutun ba suka ji, aka yi ta kiran a ƙaurace wa kayan kamfanin, labarin ya kai kafafen yaɗa labarai na duniya. Hajiya mai gidan abinci ta sa an kulle tsohon yaronta, wannan kanun labari ne da shafukan tsegumi na Kano za su yi mako suna ci.

Ga wanda ya fi natsuwa da kotun shari'ar Musulunci, ƙofar a buɗe take idan ku duka Musulmi ne, tun da Kano na da kundinta na laifukan shari'a daga 2000. Da Hausa ake yi, kuma ta fi sauri da sauƙin kuɗi. Sai dai a gyara wata fahimta: haddin ƙazafi na bulala 80 na wanda ya jefi wani da zina ne. Ƙage a kan sana'a yana ƙarƙashin ta'aziri, gwargwadon abin da doka ta tanada da abin da alƙali ya gani. Ƙa'idar kuma ba ta sauya ba, hujja a kan mai da'awa take, rantsuwa a kan wanda ya musa. Idan ba ki da shaidar da ta ɗaure shi da shafin, ya rantse, an gama. Shari'ar ma ba ta hana kwastoma kuka ba. Malamai irin su Imam Nawawi sun lissafa wuraren da ambaton aibin mutum ya halatta, ciki har da kokawar wanda aka zalunta da gargaɗin jama'a daga cutarwa. Abin da babu saɓani a kan haramcinsa shi ne faɗin abin da babu shi.

Duk wannan ya dawo da mu ga gagarumar matsalar, wato wane ne mai shafin. Ba a ƙarar inuwa. Kotu na da ikon umartar wanda ke riƙe da bayanan mai laifi ya bayyana su, amma Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, da Google a Amurka suke. Sai an nemi izinin kai musu sammaci a wajen ƙasa, kuma su kansu dokar ƙasarsu ta 1996 ta kare su daga ɗaukar alhakin abin da masu amfani da su suka rubuta, ga wata ta 2010 da ta sa aiwatar da hukuncin ɓata suna na wata ƙasa a can ya yi wuya. Don haka ƙarar Facebook kansa, ga mai gidan abinci, zubar da kuɗi ne. Abin da ya fi kamawa yana nan gida. Idan mai shafin ya taɓa kiranki, ko ya tura saƙo ta WhatsApp, ko ya ba da lambar asusun banki, an samu bakin zare, domin layukan waya a haɗe suke da lambar NIN, kuma dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye bayanan masu hulɗa da su na shekara 2. Ta hannun hukuma ko umarnin kotu ake samunsu, ba ta hannun "wani yaro da ya iya kwamfuta" a Farm Centre ba. Kutse cikin shafin wani laifi ne a wannan dokar dai, sai mai ƙara ta koma wadda ake tuhuma. Sau da yawa kuma rubutun da kansa ke tona mai shi: ya ambaci abin da sai wanda ya shiga kicin ya sani, ko salon rubutunsa, ko abokan farko da suka fara yaɗawa.

Masu yaɗawar nan ma kada ki manta da su. A doka, wanda ya maimaita ƙage ya wallafa shi sabo, kuma "ni ma gani na yi na tura" ba kariya ba ce. Idan wani shafi mai dubban mabiya ya ɗauka ya sa, mai shi sananne ne, yana da adireshi, yana da abin da zai rasa. Sau da yawa ɓarnar daga wurinsa ta fi yawa, kuma shi ya fi saurin gogewa idan takardar lauya ta iso.

Kafin duk wannan, akwai abin da ba ya cin ko kwabo. Ƙa'idojin Google sun hana sharhin bogi, sun hana sharhin abokin gasa da na tsohon ma'aikaci a kan inda ya yi aiki. Ki tabbatar ke ce ke riƙe da shafin kasuwarki a can, ki kai rahoton kowane sharhi ɗaya bayan ɗaya, ki nuna cewa sun zo a tare cikin 'yan kwanaki daga shafukan da ba su da tarihi. A Facebook ma ki kai rahoto, amma bayan kin adana hujja, don idan suka goge kafin ki ɗauka, shaidarki ta tafi. Sannan ki ba da amsa sau ɗaya a fili, gajeriya, ba zagi: ba mu da labarin wannan lamari, muna roƙon mai maganar ya kawo rasit da takardar asibiti, kicin ɗinmu a buɗe yake ga hukuma. Kada ki kira sunan wanda kike zargi, kada ki bari 'yan'uwa da ƙawaye su shiga sharhi suna kiransa ɓarawo, in ba haka ba ke ma kin ba shi ƙara a hannu. Kuma kada a sayo yabon bogi don a rufe sukan. Yaudarar mai saye ce, wadda hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, da takwararta ta Jihar Kano ke da hurumi a kanta, kuma idan aka je kotu lauyan ɗaya ɓangaren zai yi murna da ita.

Ki kuma duba gidanki da idon gaskiya. Babbar kariyar wanda ake ƙara ita ce ya tabbatar da abin da ya faɗa, kuma da zarar ya ɗauki wannan hanya, firjinki, inda kike sayen nama, ranakun da wuta ta ɗauke, da tsofaffin ma'aikatanki duk za su shigo kotu. Idan kin tabbata da tsaftarki, ki gayyaci duba-gari su duba su ba ki a rubuce, ki tattara rasit na mahautan da kike hulɗa da su, da takardun gwajin lafiyar masu girki. Idan kuwa akwai wata rana da aka samu matsala, ki gaya wa lauyanki tun a ofis. Wani lokaci shawarar da ta fi ita ce a bar kaza cikin gashinta.

Game da abin da kotu za ta ba ki, kada a ruɗe ki da manyan lambobin da ake rubutawa a takardun ƙara. Neman miliyan ɗari ba samunsa ba ne. Alƙali na duba nauyin maganar, yawan waɗanda ta kai gare su, matsayinki, da halin da wanda ake ƙara ya nuna bayan an ja hankalinsa. Asarar odar biki biyun nan kuwa sai an rubuta ta dalla-dalla an tabbatar da ita da takardu, shi ya sa littafin ciniki na watannin kafin rubutun da na bayansa ke da muhimmanci. Mai kasuwar da ba ta rubuta ciniki ba ta da yadda za ta nuna ya ragu. Kotu na iya hana shi maimaitawa, ta kuma sa ya goge ya janye. Amma umarnin gaggawa na a cire rubutu kafin a gama shari'a, kotuna na ɗari-ɗari da shi tun daga wata tsohuwar ƙa'ida ta Ingila ta 1891, musamman idan wanda ake ƙara ya ce zai tabbatar da maganarsa. Shari'ar na iya ɗaukar shekaru, ga ɗaukaka ƙara, kuma hukuncin miliyoyi a kan wanda bai mallaki komai ba takarda ce kawai. Ƙaramar kotun bashi da ake gamawa da wuri ba ta wannan ba ce, ta kuɗin da aka san adadinsu ce. Doka kuma ta yanke wa'adin shigar da irin wannan ƙara, don haka ko za a bi ta lalama, lauya ya riƙa duba kalanda.

Shi ya sa idan an gano mutumin, na fi son a fara da takardar gargaɗi daga lauya: ga kalmomin da ka rubuta, ƙarya ne, ka goge, ka janye a inda ka wallafa, cikin kwana kaza, in ba haka ba mu haɗu a kotu. A rubuta ta da sanin cewa zai iya ɗaukar hotonta ya sa a intanet, don haka ba barazanar kamu, ba cika baki. Idan ya amsa, ko ya turo manya, a zauna. Kano ba ta rasa wuraren zama ba: mai unguwa, shugabannin ƙungiyar sana'a, Hisbah, da cibiyar sulhu ta Babbar Kotun Jiha da aka buɗe a 2009, wadda ke da fifikon cewa yarjejeniyar da aka cimma a can, idan alƙali ya sa mata hannu, ta zama hukuncin kotu da za a iya tilastawa.

A wurin sulhun, kada ki yarda da "a yi haƙuri, an yafe" na baki kawai, domin waɗanda suka karanta ƙagen ba sa cikin ɗakin. A rubuta lafazin janyewar kalma bayan kalma, ya ce abin da ya rubuta ba gaskiya ba ne, ba wai "idan na ɓata wa wani rai" ba. A sa shi a shafin da aka yi ƙagen, da harshen da aka yi shi, a kafe shi a sama na adadin kwanakin da aka amince. Ya lissafa sauran shafukan da ya buɗe ko ya sa aka yi amfani da su a Google ya goge su a gaban shaidu, a kuma rubuta kuɗin da zai biya idan ya sake. Idan wani ne ya sa shi, misali mai irin sana'arki, ya faɗi sunansa a rubuce ya sa hannu, domin a kan wancan ne ƙarar diyya za ta yi amfani.